Ranar da Na Yi wa Mai Fiyano Guɗa

Mutane suna zaton guɗa murna ce kawai. Wanda bai tashi a gidan kiɗa ba ne yake wannan zaton. A gidanmu guɗa aiki ce, tana da wurin shiga da wurin fita, kuma ni ce mai yin ta. Babana mai goge ne, haka ubansa, haka kakansa. Daga Maraɗi har Tibiri da Jiratawa, duk inda za a yi wasan bori, in ba shi ya zauna a kan tabarma ba sai ka ji ana cewa wasan bai yi armashi ba. Ni kuwa Allah bai ba ni wani abin nunawa ba sai maƙogwaro. In na kama hancina na saki murya a bakin kasuwa, masu wanki a gulbi sai sun ɗago kai.

Abin da zan faɗa ya faru ne zamanin Nasara, 'yan shekaru bayan ruwan da ya ci tsohon gari ya kore mu daga fadama muka hau tudu. Lokacin ina da aure har da goyo. Maigidana kuku ne a gidan shaƙatawar Nasara, inda kumandan mai mulkin gari da manyan kamfanonin gujiya suke taruwa da yamma suna shan abin da suke sha.

A shekarar ne ƙaramin yatsan Baba na hagu ya fara yi masa gardama. Goge tsirkiya ɗaya gare shi, yatsun hagu ne ke taka ta su fitar da magana. Kowane iska da takensa, kuma take ba a ƙara masa, ba a rage masa. In mai goge ya kauce, iska ba ya sauka. In ya ƙi sauka yau ya ƙi gobe, 'yan bori ba su da kara, wani za su kira. Kuma wanin yana nan. Akwai wani saurayi a Tibiri mai yawan turare da yawan murmushi, da ba abin da yake jira sai a ce tsoho ya gaza.

A Jiratawa na fara ji. Akwai wani wuri a cikin wani take inda kiɗan ke hawa sama, dole ƙaramin yatsa ya miƙa ya kamo shi. Ran nan yatsan ya makara. Ban yi shawara da kowa ba, na kama hanci na rangaɗa guɗa a kan wurin, ta rufe shi ruf. Iska ya sauka, aka yi wasa aka watse, ba wanda ya ji komai. Daga ranar na zauna na haddace duk wuraren da yatsan ke tuntuɓe, kafin ya iso na riga na cika ƙirji. Mata suka fara cewa na cika son a san da ni. Wata tsohuwar 'yar bori da muke katanga ɗaya da ita ta ce saboda ni kunnenta na dama ya daina aiki. Na haɗiye duka. Abin da ya fi ba ni haushi, shi kansa Baba sai ya juyo a gaban jama'a ya ce, “Ke ɗiyar nan kin cika kuwwa, ki bar mutane su ji kiɗi.” In koma gida ina cizon yatsa, ina ce wa kaina ai bai sani ba ne.

Da kakar gujiya, wata rana maigidana ya dawo daga aiki yana hura hanci. Ya tarar da Baba ya zo ganin jikansa. Ya ce an kawo wani babban makaɗi daga Faransa, tsoho ne, ya yi kiɗa a manyan birane gaban sarakuna, yanzu yana zagaya ƙasashen da Nasara ke mulki, kuma ranar Lahadi zai kaɗa fiyano a gidan shaƙatawa. Baba ya gyara zama.

“Ubanshi makaɗi ne?”

“A'a, Baba. An ce mai saida magani ne.”

“To, ɗan haye ne, bai gada ba. Ba laihi. Wane sarki ne ubangidanshi?”

“Ba shi da ubangida.”

“Yaranshi nawa? Masu amshi, masu ƙwarya?”

“Shi kaɗai yake, sai akwatin tufafi.”

“Abin kiɗan fa, wa ke ɗaukar mashi?”

Maigidana ya ce ai fiyano ba ya ɗaukuwa, ya fi gadon ƙarfe nauyi. Duk garin da ya sauka, wanda ya tarar shi yake kaɗawa. Baba ya tafa hannu ya yi salati. Mutum ya tsufa yana kiɗa, ba sarki, ba yara, kuma kayan kiɗan ma aro! Sai da maigidana ya ce ai kiɗan ma ba nasa ba ne, na waɗansu magabata ne da suka daɗe da mutuwa, haddace shi ake yi, kuma ko ɗigo ba a canzawa, sannan fuskar Baba ta sake.

“Ka ji magana. Ashe namu ne. Take yake kaɗawa.”

Nan fa al'ada ta hau kansa. A wurinmu in baƙon makaɗi ya shigo gari, baƙon dattijon makaɗa ne, ko ya sani ko bai sani ba. Sai an aika masa da fura da goro, sai an je wasansa da jama'a, kuma dattijon shi zai fara yi masa kyauta don sauran mutane su ji kunya su bi. Maigidana ya roƙi Baba, ya haɗa shi da Allah da Annabi, ya ce Nasara ba haka suke yi ba. Baba ya ce shi bai ce Nasara ba, makaɗi ya ce. Na dama fura mai kyau da nono, aka ba maigidana ya kai. Sai bayan shekaru na ji cewa a bayan kicin shi da mai wanki suka shanye ta.

Fiyanon na matar mai babban kamfanin gujiya ne. Da kamyo, babbar motar kaya, aka kawo shi daga Kano, kuma tun da ya zo ƙafafunsa suna cikin gwangwanayen kananzir saboda gara. 'Yan dako ne suka kinkimo shi zuwa gidan shaƙatawa suna nishi suna zagin wanda ya ƙera shi. Kullum Baba sai ya aiko a tambayi lafiyar baƙonsa. Maigidana ya ce lafiya lau, sai dai ya ishe su a kicin.

“Tun sahe wuri guda yake ta maimaitawa. Shi zo wurin, shi tsaya, shi koma baya, shi sake zuwa. Ni har na iya shi.”

Ni kuwa na san wani ɗaki a gidan Baba da ake rufe ƙofa a yi ta maimaita wuri guda.

Ranar Lahadi da la'asar sakaliya muka tafi. Na bar goyona wurin maƙwabciya. Baba ya sa babbar rigarsa ta zuwa fada, ya naɗe wata sabuwa fil a hammata. An jera wa Nasara kujeru a baranda, an ajiye wa waɗansu manyan gari benci daga baya, mu kuwa sauran bayin Allah muka tsaya bayan wata gajeriyar katanga a gindin itacen bedi. Kafin a fara wani gardi ya zo da bulala ya yi shela: wanda ya yi tari, wanda ya yi atishawa, wanda ɗansa ya yi kuka, ya kuka da kansa. Baba ya dube ni, na dube shi.

Sai ga tsohon ya fito. Siriri ne, ba nama, kansa fari fat, da baƙar kwat mai dogon bindi a cikin wannan zafin. Ya sunkuya ya gaishe su. Ya zauna ya yi ta gyaran kujera, gaba, baya, gaba, har na fara tunanin ko ita ce abin kiɗan. Sannan ya ɗora hannu.

Ba zan yi ƙarya ba, da farko ji na yi kamar mutum biyu suna cacar baki a cikin akwati. Amma kunnen gidan kiɗa ba ya daɗewa a ɓace. Can na gane hannun hagu shi ne mai ƙwarya, yana riƙe da tafiya, na dama kuma shi ne gogen, shi ke magana. Mutum ɗaya yana aikin ƙungiya guda. Na ga babban yatsan ƙafar Baba yana motsi a cikin takalmi. Tsohon nan ya iya, wannan ba sai an yi maka tafinta ba.

Nasara fa? Ko motsi. Wannan ya rufe ido, wancan ya tallafe haɓa, wata ta zuba wa silin ido. Zaman makoki ma ana ɗan yin gyaran murya. Baba ya sunkuyo ya raɗa mini, “Mi ya yi musu?” Da tsohon ya kai ƙarshen taken farko suka tafa hannu, raf-raf-raf, irin na korar kaji daga shanya, suka sake yin tsit. Ba wanda ya tashi, ba wanda ya yi masa kirari, ba wanda ya jefa masa ko hula. Baba ya fara huci. Ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin an wulaƙanta mai sana'a haka ba, kuma a garinsa.

Sai tsohon ya shiga wani dogon take. Ya tafi a hankali, ya fara sauri, ya fara hawa. Tun kafin ya isa na ga kafaɗarsa ta dama ta ɗaga, na san mun zo wurin. Yatsun suka harɗe. Ya koma baya ya sake tahowa, suka sake harɗewa. Sai ya tsaya, hannunsa a sama yana rawa.

Ban taɓa jin shiru mai mugunta irin wannan ba. Matar mai kamfani ta tsayar da mahuci. Kumandan, da tun ɗazu yake gyangyaɗi, ya buɗe ido. Duk sun ji, kuma duk suna jira su ƙara ji. Wuyan tsohon ya yi ja har kunne. Ga shi a tsakiyar mutanensa, amma ba shi da kowa. Tausayinsa ya kama ni har ƙirjina ya yi zafi.

Sai na ji Baba ya damƙe mini hannu.

“Yi mashi irin wadda kike yi mini.”

Na juyo in dube shi, ya ce, “Ba ni za ki kallo ba. Maza!”

Na kama hanci na saki. Ban taɓa yin guɗa irin ta ranar ba, kuma ban sake ba. Ita guɗa kuwa ba a yin ta a gaban mata su yi shiru. Duk matan da ke bayan katanga suka ɗauka, har da waɗanda ba su san dalili ba. Karen kumandan ya fasa haushi. Wata madam ta yi ƙara ta haye kujera. Maigidana, da ya fito da faranti cike da kofunan gilashi, ya ji muryar da ya fi sani a duniya, ya saki farantin. Gardi ya ɗaga bulala yana juyi, ya rasa ta inda zai fara. Ni dai idona yana kan kafaɗar tsohon. Na ga ta sauka, na ga hannun ya koma kan aiki, ya tsallake ramin ya dira a ɗaya gefen. Sannan na yanke. Da ƙura ta lafa sai ga kiɗa yana tafiya sumul, kamar ba abin da ya faru, kuma bai sake tuntuɓe ba har ya dire.

Suna cikin korar kajinsu Baba ya ɗaga ƙafa ya haye katangar. Rigarsa ta maƙale, na cire masa. Ya ratsa tsakanin kujeru yana kirari da babbar murya, ya warware sabuwar rigar nan ya zura wa tsohon a kan baƙar kwat. Gardi ya dubi kumandan, kumandan ya dubi gardi. Ina jin sun rasa dokar da ta hana a ba mutum riga. Tsohon ya tsaya tsamo-tsamo, hannuwan riga har ƙasa. Sannan ya juya wa kujeru baya, ya fuskanci katanga, ya sunkuya.

A hanyar gida na yi ta haɗiyar magana har ta ƙi haɗiyuwa.

“Baba, tun yaushe ka sani?”

“Tun Jiratawa. Hannuna ne hwa, ɗiyar nan. Ke kin ji, ni ban ji ba?”

“To mi ya sa kake yi mini hwaɗa gaban mutane?”

“In ban yi miki hwaɗa ba ai sai su gane.”

Na rasa ko in yi dariya ko in zauna a ƙasa in yi kuka. Duk baƙin jinin da na kwasa, ashe da shi aka haɗa baki, ni ce kawai ba a gaya wa ba. Maigidana kuwa da ya dawo ya juya mini baya ya ci tuwonsa. Ya ce gobe in an kore shi, in dafa guɗa mu ci.

Ba a kore shi ba. Washegari da hantsi ina gidan Baba sai ga shi ya shigo yana zare ido, tsohon yana biye da shi cikin babbar riga, ya sa gabanta a baya. Yaran unguwa sun yo masa rakiya har zaure. Aka shimfiɗa tabarma ya zauna, gwiwoyinsa suna neman kunnuwansa. Aka kawo fura, wannan karon ta isa wurin mai ita. Maigidana ya zama tafinta da Faransancinsa na kicin.

Kafin a ce komai tsohon ya miƙo hannunsa na dama ya nuna yatsan da ke rawa. Baba ya miƙo nasa na hagu ya nuna wanda ya sandare. Suka dubi hannuwan juna kamar masu cinikin akuya. Sannan ya ba da labarinsa. Ya ce tun ƙafarsa ba ta kai ƙasa daga kujera aka ɗora shi kan fiyano. Sa'o'insa suna wasa a waje, shi yana ɗaki. Bai yi aure ba, bai yi gida ba, rayuwarsa duka jirgin ƙasa ce da masauki. Ya yi zamanin da sai an yi layi kafin a ji shi. Yaƙi ya zo ya ci shekarunsa masu kyau, da aka gama kuma sai hannu ya fara gardama, manyan birane suka koma kiran yara masu jini a jika. Shi ya sa yake yawon garuruwan da ba a cika samun makaɗi ba.

“Allah sarki,” in ji Baba. “Su ma suna da ɗan Tibirinsu.”

Maigidana bai fassara wannan ba. Tsohon ya juyo gare ni ya yi magana mai tsawo. Abin da ya iso gare ni ta bakin maigidana shi ne, a ƙasarsu shiru shi ne girmamawa, kuma ya gode wa shirun da aka yi masa duk rayuwarsa. Amma tun da yake, in ya faɗi, ba a taɓa samun wanda ya zo ya tare shi ba sai jiya. Ya tambayi yadda na san wurin fita. Na ce kafaɗa nake kallo. Ya yi dariya har da tari. Daga nan ya roƙi a kaɗa masa goge.

Baba ya ɗauko shi, ya goga wa izga ƙaro, ya gyara tsirkiya. Ya dube ni.

“Yau ki yi shiru. Wanga ya san ciwon, babu abin ɓoye mashi.”

Shi ya manta, ni ban manta ba: ba mu kaɗai ba ne. Kan katanga ya cika da kawunan mata, kuma a tsakiyarsu ga tsohuwar 'yar borin nan, ta juyo da kunnenta mai aiki. In ta ji, kafin azahar Tibiri ta ji. Na yi wa Baba ido, bai kula ba. Kuma duk taken duniya ya rasa wanda zai ɗauko sai na Jiratawa.

Ya fara. Rabona da in ji gogen Baba ba tare da ina lissafin ramuka ba har na manta. Daɗinsa ya sa ni tsoro. Tsohon ya rufe ido, ya ɗan karkata kai. Kiɗa ya fara hawa. Na toshe bakina da gefen zane. Na ga kafaɗar Baba ta ɗaga. Yatsan ya miƙa, ya makara.

Sai wata irin ƙara ta tashi a tsakar gida, irin ta bunsurun da kansa ya maƙale a tulu. Na waiga. Tsohon Banasare ne, ido a buɗe, ya kama dogon hancinsa da yatsu biyu, ya daddage yana guɗa.

Kaji suka watse. Goyona ya tsala ihu. Matan kan katanga suka zube ta baya, ina jin faɗuwarsu da dariyarsu, namiji da guɗa, kuma Nasara, kuma da riga a juye! Tsohuwar 'yar bori tana ta salati tana cewa a riƙe ta. Maigidana ya shige bayan rumbu. Ba mahalukin da ya ji abin da yatsan ya yi. Baba bai tsaya ba. Kafaɗarsa ta sauka, tsohon ya yanke, kiɗa ya wuce abinsa har gida.

Baba ya ajiye gogen a cinya. Ya daɗe yana share hawaye da hannun riga, ban sani ba ko na dariya ne. Ni nawa na san ba na dariya ba ne. Sannan ya kira maigidana daga bayan rumbu.

“Hwaɗa mashi ya shiga daidai, ya hita daidai. Muryar ce dai Allah bai ba shi ba.”